Man U: Jadawali Ne Ya Kayar Da Mu, Ko Dama A Kwance Muke?

Lahadi, 14 ga Satumba 2025, bayan Isha'i

Baban Khalifa: Salamu alaikum 'yan zaure. Na san tun da aka busa tashi wasu ke ta leƙowa ko na yi magana, to ga ni, ban gudu ba. City ta ci mu uku da nema, a gabana aka yi, ba sai an ci gaba da turo mini hoton Haaland ba. Amma don Allah a ajiye tsokana a duba abu ɗaya da adalci. Ƙungiyar da ta ƙare ta 15 a bara da maki 42, ta sayo sababbin 'yan gaba uku da ko ƙafar juna ba su gama ganewa ba, sai ka buɗe mata kaka da Arsenal, wasa na huɗu ka aika ta Etihad gidan City, na biyar ka kawo mata Chelsea da ta ɗauko kofin duniya na ƙungiyoyi a watan Yuli, na takwas kuma Anfield gidan Liverpool. Wato cikin wasa takwas na farko sai mun gamu da duk ƙungiyoyi huɗun da suka ƙare a saman tebur a bara: Liverpool, Arsenal, City, Chelsea. Tun ranar 18 ga Yuni da aka fitar da jadawalin na faɗa a nan cewa duk mai son yi wa kocinmu Amorim hukunci ya bari sai ƙarshen Oktoba. Har yanzu ina kan bakana.

Ɗan Gunners Na Gyaɗi-Gyaɗi: Wa alaikumus salam Baban Khalifa, sannu da haƙuri, Allah ya ba da na jinya. Tambaya ɗaya gare ni. Grimsby ta nawa ta ƙare a saman tebur bara?

Yaro Mai Jar Riga: Shi ke nan, an fara.

Baban Khalifa: Wasan kofi daban, gasa daban. Kowa ya san kofin Carabao ba a zuba cikakken ƙarfi.

Ɗan Gunners Na Gyaɗi-Gyaɗi: A'a yaya, kada mu yi haka da kai. Cunha ya buga, Sesko ya buga, Mbeumo da Bruno sun shigo. Ƙungiyar rukuni na huɗu ce fa, ta zuba muku biyu kafin hutun rabin lokaci, da ƙyar Mbeumo da Maguire suka farke, aka je fenareti har sai da masu tsaron raga suka buga, aka sake zagayowa, aka tashi 12 da 11. Wannan ba jadawali ba ne. Sannan in wahalar jadawali ake magana, ɗauko namu ka gani. Mun fara da ku a Old Trafford, wasa na uku muka je Anfield, mako mai zuwa City, bayanta mu tafi Newcastle. Makinmu 9 a wasa huɗu. Naku 4. Kwamfutar da ta rubuta muku ita ta rubuta mana.

Baban Khalifa: Ku ai shekara kusan shida kuna tare da koci ɗaya. Kuma ranar da kuka zo, in akwai tsoron Allah, wa ya fi wani taka leda? Mun kai hari sama da 20, ku kun tafi da maki uku a kan kwana ɗaya da golanmu Bayindir ya kasa naushewa, Calafiori ya sa kai a bakin layi.

Ɗan Gunners Na Gyaɗi-Gyaɗi: Gaskiya ne, ranar kun fi mu. Sai dai a tebur babu gurbin "sun fi taka leda".

Malamin Lissafi: Bari in sa baki tunda an zo wajen ƙidaya. Ni ɗan Man U ne tun Baban Khalifa yana firamare, don haka ba gaba ce ta sa ni magana ba. Ƙwallo huɗu muka ci a wasa huɗu na Firimiya. A duba su ɗaya bayan ɗaya. Ta Fulham, Yoro ya sa kai ta bugi bayan Muniz ta shiga, an rubuta ta a matsayin cin gida. Ta farko a wasan Burnley, Cullen ne ya ci gidansu. Ta ƙarshe fenaretin Bruno ce a minti na 97. Saura nawa? Ɗaya tak, ta Mbeumo. An kashe sama da fam miliyan 200 a kan 'yan gaba uku, ɗan wasanmu ya ci ƙwallo ɗaya da ƙafarsa ana cikin wasa. An zura mana bakwai. Kuma biyu daga cikin wasannin nan huɗu da Fulham da Burnley ne, Burnley ɗin da bana ta hauro. Su ma manya ne?

Abin da ke ba ni takaici, wanda ba ma son faɗa, shi ne wannan: idan ɗan Brentford ko ɗan Brighton ya buɗe jadawalinsa yau, ya ga sunanmu, ba gabansa ke faɗuwa ba. Alama yake sawa ya ce nan akwai maki. Mu ne muka koma wasa mai sauƙi a jadawalin mutane. Ƙungiyar da aka doke sau 18 a kaka ɗaya ba ta da wani wasa da za ta kira mai sauƙi, ko da wa aka fara haɗa ta.

Yaro Mai Jar Riga: Malam wallahi ka gama magana. A kori mutumin nan kawai. Wasa 31 a Firimiya, ya ci 8, maki 31. Ko sau ɗaya bai taɓa cin wasa biyu a jere ba tun Nuwamban bara da ya zo. Kuma yau bayan an gama yi mana wanka ya fito yana cewa shi ba zai canja salonsa ba, in ana son canji sai dai a canja shi. To a canja shi mana, wa ya riƙe?

Baban Khalifa: Ƙanena, a kore shi a kawo wa? Moyes, Van Gaal, Mourinho, Solskjaer, Rangnick, Ten Hag. Tun 2013 da Ferguson ya ajiye muke kora muna kawowa, kowa ya zo ya sayi nasa yaran, a kore shi a bar mana su da albashinsu. An bar jaki ana dukan taiki.

Mai Gidan Kallo: Ku ku yi ta lissafin maki, ni lissafin mai nake. Yau tun huɗu saura gida ya cika, har waje na fito da benci, na ƙara fanka ɗaya. Rabin mutanen jar riga. Da Foden ya ci ta farko da ka, shiru kawai aka yi. Da Haaland ya ci ta biyu aka fara tsaki. Ta uku, wadda ya taho shi kaɗai tun daga tsakiyar fili babu kowa a gabansa, ban ankara ba sai ƙarar takalma, kamar an tashi daga ɗaurin aure. Wani dattijo da ke zama a benci na biyu kullum, da hularsa da carbinsa, ya miƙe ya ce mini, "Ɗana, kashe ta wajenmu ka rage shan mai." Mai shayin ƙofar gidana ya ce yau ko rabin burodinsa bai sayar ba, don 'yan Man U in an ci su ba sa tsayawa hira.

Kuma abin da ba ku lura da shi ba, bana babu ku a Turai gaba ɗaya, ga shi Grimsby ta fitar da ku daga Carabao. Bara ko ba komai daren Alhamis ina kunna inji saboda ku, har wasan ƙarshe da Tottenham ta ci ku ɗaya a Bilbao. Bana sau ɗaya a mako zan gan ku. Ni wannan ne jadawalin da ya dame ni.

Ɗan Damagaram: Mai gidan kallo ya taɓo wurin. Yaya za a ce jadawali ya yi tsanani ga ƙungiyar da ke wasa ɗaya a mako? Chelsea da za ku karɓa ranar Asabar, Laraba tana Jamus wajen Bayern Munich, ta dawo ta huta kwana biyu ta zo muku. Ku kuna gida kwana shida kuna atisaye. In akwai wanda zai yi kuka da jadawali ai su ne. Mu nan a Canal+ muke kallo, masu sharhin Faransanci ma abin da suke ta nanatawa ke nan: mutumin ya samu lokacin da ya ce yana nema, saura aiki.

Baban Khalifa: Ban musa ba. Amma ku fahimce ni, ba gajiyar jiki nake nufi ba. Kowa zai buga da ƙungiyoyi 19 gida da waje, wannan ko yaro ya sani. Abin da nake cewa, jerin da suka zo a ciki yana da tasiri ga mai rauni. Marar lafiyar da ya fara tashi, kunu ake fara ba shi, ba a fara masa da ƙashin saniya. Da a ce mun fara da ƙananan nan mun tara maki tara ko goma, Sesko ya ci biyu ya saki jiki, da ko City ta ci mu ba za a yi wannan hayaniyar ba. Yanzu fa? Yaro ɗan shekara 22, wasansa na farko da aka fara da shi a Firimiya shi ne na yau a Etihad, babu Cunha babu Mount a bayansa, duk sun ji ciwo a wasan Burnley. Gobe jaridu su ce an yi asarar kuɗi. Haka aka yi wa Hojlund har ya daina ganin raga.

Ɗan Gunners Na Gyaɗi-Gyaɗi: Hojlund ɗin da jiya ya ci wa Napoli ƙwallo a wasansa na farko? Ya je ya tarar da McTominay wanda ya bar ku ya ɗauki kofin gasar Serie A ta Italiya har aka ba shi gwarzon gasar? Ruwan gidanku ne ba ya karɓar mutane, yaya.

Malamin Lissafi: A nan kam zan ɗan tsaya wa Baban Khalifa, don maganarsa ta ƙarshe akwai ƙamshin gaskiya, kuma kai ɗan Gunners ka fi kowa sani. A 2021 Brentford ta ci ku biyu, Chelsea ta ci ku biyu, City ta zuba muku biyar. Wasa uku, babu maki, babu ƙwallo ko ɗaya, kuna can ƙarshen tebur. A zauren nan aka yi ta ihun a kori kocinku Arteta. Da aka dawo daga hutu sai kuka samu Norwich da Burnley, kuka ci ɗaya-ɗaya da ƙyar, numfashi ya dawo, kuka ƙare na biyar. Da a ce shugabanninku sun yi hukunci da wasa ukun farko, da yanzu wani labarin ake. Don haka jeri yana da tasiri, amma ga kujerar koci da zuciyar 'yan wasa, ba ga jimillar maki ba.

Inda na rabu da shi: Arteta a wancan lokacin ana ganin inda ya dosa. Mu fa? Kuskure ɗaya ake maimaitawa. A Fulham, Smith Rowe ya shigo daga tsakiya babu wanda ya bi shi, ya farke. Yau Doku ya wuce Shaw kamar an dasa shi, Foden ya shigo daga tsakiya babu wanda ya bi shi, ya ci. Duka biyun Bruno ne a kusa. Kuma ba laifinsa ba ne, mutumin da ya fi kowa iya ba da ƙwallon ƙarshe ka mayar da shi mai gadi, ka ba shi Ugarte ko Casemiro, su biyu rak a tsakiya, kowace ƙungiya ta zuba musu uku. An sayi 'yan gaba uku ba a sayi ɗan tsakiya ko ɗaya ba. Wannan ba kwamfuta ce ta yi mana ba.

Ɗan Zangon Kumasi: Ga kuma Mainoo a benci. Yaron da ya ci City a wasan ƙarshe na kofin FA a 2024, ya buga wa Ingila wasan ƙarshe na Turai a shekarar. Mu nan muna bibiyarsa don iyayensa 'yan Gana ne. An ce masa da Bruno yake takarar gurbi. Wa ke cire kyaftin? Wato an ce masa ya zauna ke nan, cikin ladabi.

Yaro Mai Jar Riga: Duk saboda 'yan baya uku. Ko ana cin mu, sai ka ga ya cire ɗan baya ya sa ɗan baya. In kiɗa ya canja ai rawa ma canjawa take.

Baban Khalifa: Da wannan salon ya ɗauki gasar Fotugal sau biyu da Sporting, 2021 da 2024, bayan sun shekara 19 ba su gan ta ba. Da shi ya zuba wa wannan City ɗin 4 da 1 a gasar Zakarun Turai kwanaki kaɗan kafin ya zo mana. Da shi muka ci su 2 da 1 a Etihad a Disambar bara, Amad ya ci a minti na 90. Salon bai canja ba.

Malamin Lissafi: Kuma kada ka manta, City ɗin da ta ci mu yau ba ta Guardiola ta da ba ce. Tottenham ta ci ta a gida, Brighton ta ci ta. Da maki 3 ta shigo fili, mu muna da 4. A ƙasanmu take da safiyar yau. Mu ne muka zame mata kunun da kake magana.

Maman Ihsan: Salamu alaikum. Ni dai roƙo na zo yi. Don Allah duk mai lambar Amorim ya gaya masa akwai gidajen da ba a cin tuwon dare saboda shi. Maigidan ya shigo ko sallamar kirki babu, na ajiye masa tuwon shinkafa da miyar taushe, ya ce shi ba ya jin yunwa. Ihsan ta tambaye shi nawa-nawa aka tashi, ya ce ta je ta yi aikin makaranta, alhali ta gama tun la'asar. Ni kuma 'yar Chelsea ce, ga Asabar tana tahowa. Ku ba ni shawara, in dafa ko in bari?

Ɗan Gunners Na Gyaɗi-Gyaɗi: Hajiya ki dafa kaɗan, kada a yi asara.

Baban Khalifa: Hajiya ki dafa da yawa, ke ce ba za ki ci ba. Rabon Chelsea da cin wasan Firimiya a Old Trafford tun Mayun 2013, Ferguson na kan kujera.

Shugaban Zaure: Na goge saƙo biyu. Tsokana halal ce a nan, zagin iyaye babu. Wanda ya sake zai huta mako guda, kamar Man U a daren Talata.

Litinin, 15 ga Satumba

Alhaji Na Tudun Wada: Na karanta duk abin da kuka rubuta da asuba. Yaran nan kuna ta cewa ba a taɓa irin wannan farawa ba tun 1992, haka ne, amma ba ku ƙarasa labarin ba. Ni a rediyo na bi kakar, lokacin ko dish ba kowa ke da shi ba. Sheffield United ta ci mu 2 da 1 a ranar farko, ƙwallon Brian Deane ita ce ta farko a tarihin Firimiya. Everton ta zo har gida ta zuba mana uku. Muka yi canjaras da Ipswich, muka ci Southampton ɗaya da ƙyar. Maki 4 a wasa huɗu, daidai da yau. A Nuwamba aka sayo Cantona daga Leeds, a Mayu muka ɗaga kofin da muka shekara 26 muna nema. Shi kansa Ferguson ya zo 1986, bai ɗauki komai ba sai 1990. Da zamanin waya ne da kun kore shi sau goma.

Malamin Lissafi: Allah ya ƙara girma Alhaji. Sai dai ƙungiyar 1992 ta biyu ta ƙare a kakar da ta gabata, kofin ma a hannunta ya suɓuce zuwa Leeds. Akwai Schmeichel a raga, Bruce da Pallister a baya, Ince a tsakiya, Giggs da Hughes a gaba. Mutum ɗaya suka rasa, aka kawo shi. Mu mutum nawa muka rasa? Ni misalin da ya fi tsorata ni na 2013 ne. Moyes ma da jadawali ya fara kuka tun kafin a take leda, ya ga Chelsea da Liverpool da City cikin wasa biyar na farko, har ya nuna shakkar yadda aka tsara shi. Liverpool ta ci shi ɗaya, City ta zuba masa huɗu. To da manyan suka wuce sai me? West Brom ta zo Old Trafford ta ci mu. Bai kai ƙarshen kaka ba, a Afrilu aka sallame shi. Kuma shi zakarun gasa aka damƙa masa.

Alhaji Na Tudun Wada: Ka yi gaskiya Malam, ban ce daidai suke ba. Na dai ce wasa huɗu ba kaka ba ce. Kuma ni ciwon da na gani ya wuce fili. Tun 2005 da iyalan Glazer suka sayi ƙungiyar da bashi suka ɗora wa ƙungiyar ake biyan kuɗin ruwa. Ratcliffe ya sayi hannun jari a 2024 muka yi murna, sai ga shi an tsawaita wa Ten Hag kwantiragi a bazara, an kashe masa kuɗi, an kore shi a Oktoba. An ɗauko daraktan wasanni Ashworth da ƙyar daga Newcastle, wata biyar aka rabu da shi. Ma'aikata ɗaruruwa aka sallama wai tsimi ake. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ɗan Garwa: Ku da kuke cewa bayan Oktoba za a huta, kun duba Disamba? Ranar 21 ake fara gasar cin kofin Afirka a Maroko, sai 18 ga Janairu a gama. Mbeumo namu zai tafi wa Kamaru, Amad zai tafi wa Kodebuwa, Mazraoui na masu masaukin baƙi. Duk ɓangaren dama ke nan, a lokacin da Ingila ke buga wasa kusan duk kwana uku. Shi kuwa gola Onana, mun ji, ya yi kurakurai, na Grimsby ma babu mai iya kare shi. An tura shi aro Trabzonspor a Turkiyya an ce shi ne matsalar. To jiya ba ya nan, uku aka ci.

Yaro Mai Jar Riga: Onana dai a bar shi can, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Abin da ban gane ba, an sayo sabon gola Lammens daga Beljiyam, me ya sa yake benci Bayindir na kamawa? Kalli City, Donnarumma ko mako biyu bai yi da zuwa ba aka jefa shi, ya kuma cire wata ƙwallon Mbeumo da na riga na tashi tsaye.

Sai Masu Gida: Ni dariya kuke ba ni da jadawalinku. Daga Old Trafford zuwa Etihad ko daga Kano zuwa Wudil bai kai ba. Ku tambayi 'yan wasan gasarmu ta gida me ake kira wahalar jadawali, a kwana a hanya daga Kano zuwa Aba ko Fatakwal, a sauka ƙafa a kumbure a shiga fili. Kuma ku daina cewa babbar ƙungiya ba ta faɗuwa. Pillars sau huɗu ta ɗauki gasa, 2008 da kuma uku a jere daga 2012 zuwa 2014, amma a 2022 muna ji muna gani ta gangara, sai da ta shekara a ƙasa ta dawo. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san sauran.

Baban Khalifa: Haba mutumina, faɗuwa kuma? Abin bai kai nan ba.

Malamin Lissafi: Bai kai ba. Bara ma abin da ya rufa mana asiri, ukun da suka hauro su suka koma, kuma tun da wuri. Bana Sunderland ta hauro da shirinta, makinta 7, tana samanmu. Ita ce "mai sauƙin" da ke jiranmu ranar 4 ga Oktoba. Kafin ita Brentford a gidanta, inda aka zuba mana huɗu a 2022, aka sake zuba mana huɗu a Mayun bana. Ni Baban Khalifa, ga sharaɗina, kowa ya shaida. Ban nemi komai a Anfield ba, rabonmu da ci a can tun Janairun 2016. Chelsea ma ko canjaras na karɓa. Amma Brentford da Sunderland maki shida nake so. Brentford ta rasa kocinta, ta rasa kyaftin ɗinta, ta rasa Wissa, Mbeumo ma yana wajenmu. In ba mu ci waɗannan biyun ba, kada in sake jin kalmar jadawali a bakinka.

Baban Khalifa: Na yarda Malam. In kuma an ci, za ka sayo mini tsire na dubu biyu a gaban jama'a.

Malamin Lissafi: Har da yaji da albasa.

Asabar, 20 ga Satumba, da dare

Baban Khalifa: Ina Malamin Lissafi? Ina ɗan Gunners? Ina Hajiya Maman Ihsan? 2 da 1! A fito a yi bayani.

Maman Ihsan: Ba ni da abin cewa. Minti biyar da farawa golanmu ya fito ya kwashe Mbeumo ya karɓi jan kati, koci ya ruɗe ya cire 'yan gefe biyu, Palmer ma ya fita da ciwo. Maigidan dai ya ci tuwo har ya nemi ƙari, yana ta yi wa Ihsan bayanin ƙwallon Bruno ta 100 a ƙungiyar, ita ko barci take ji.

Ɗan Gunners Na Gyaɗi-Gyaɗi: Barka yaya. Amma ku da kuka fi su mutum ɗaya, kuna ci biyu, me ya kai Casemiro ya karɓi kati na biyu kafin a tafi hutu? Ya ci ƙwallo ya kuma kori kansa. Da Chalobah ya farke ɗaya a minti na 80, na ga wani ɗan Man U ya juya wa talabijin baya yana salati.

Malamin Lissafi: Ga ni, ban ɓuya ba. Na ji daɗi wallahi, rabin awar farko cikin ruwan saman nan ita ce mafi kyau da na gani bana, sun yi gudu, sun yi zuciya. Maki 7 a wasa biyar, kuma uku daga cikin manyan huɗun sun wuce. Amma sharaɗinmu ba a kan Chelsea yake ba. Asabar mai zuwa Brentford, goma sha ɗaya da goma sha ɗaya, kuma babu Casemiro. In ya ci, shi ne karon farko da ya haɗa biyu a jere. Tsirenka yana wajen mai nama tukuna.

Mai Gidan Kallo: Ni dai duk wanda ya hau benci na uku da ƙafa lokacin da Casemiro ya ci, har ƙafar bencin ta ɓalle, na gane shi, jar riga ce mai lamba 8 a jikinsa. Kafinta ya ce dubu ɗaya da ɗari biyar. A kawo kafin Asabar, wasan Brentford da rana ne, sha biyu da rabi zan kunna inji.